Yadda Ake Zaɓen Firam da Daidaita Zama a Kan Keken Doguwar Tafiya

Keken da ake hawa daga gida zuwa kasuwa ba ya buƙatar wani dogon awo, domin kafin jiki ya fara ƙorafi an riga an isa. Keken doguwar tafiya kuwa, wanda za a ɗora wa jakunkuna da ruwa da abin shimfiɗa a wuni a kansa yau, gobe ma a sake wuni, lamarinsa daban ne. Mai tuƙin da ke juya feda sau 70 a minti ɗaya, idan ya yi awa shida a kan hanya, kowace gwiwarsa ta lanƙwashe ta miƙe sau 25,200 ke nan a wuni guda. Idan sirdi ya gaza tsayin da ya kamata da santimita biyu kacal, gwiwar za ta maimaita wannan kuskure sau 25,200, kuma ba za ta yi shiru ba. Saboda haka, kafin a tambayi sunan kamfani ko yawan giya, abin da ya kamata a fara tambaya shi ne ko firam ɗin, wato gangar jikin keken, ya dace da jikin wanda zai hau.

Ni a kan hanyar Kano zuwa Zariya na koyi wannan karatu. Na sayi wani keke ɗan kwatano mai firam ɗin ƙarfe, kuma da na nemi a ba ni tef in auna shi, dattijon da ke sayarwa ya yi dariya ya ce, "Malam, ai keke ba kaftani ba ne. In ƙafarka ta kai feda, shi ke nan." Na ce, "To, Baba," na zagaya layin sau biyu, na ji daɗinsa, na biya. Ban kai Kwanar Dangora ba sai da ƙeyata ta ƙage, ƙaramin yatsana da wanda ke kusa da shi suka sage a hannu biyu, kuma da na isa masauki na kasa ɓalle maɓallin hannun rigata. Sai da aka kwana da yawa kafin yatsun su dawo daidai. Ƙafata ta kai feda sarai, kamar yadda dattijon ya faɗa, amma firam ɗin ya yi mini tsawo daga sirdi zuwa kan keke, don haka na wuni a miƙe ina tallafe da nauyin ƙirjina a kan tafin hannu. Keke kaftani ne, kuma wanda aka ɗinka wa wani ba lallai ne ya zauna maka ba.

Akwai abin da sifana ke iya gyarawa a jikin keke, akwai wanda ba ta iyawa. Ana ɗaga sirdi ko a sauke shi da santimita masu yawa, ana tura shi gaba ko baya kaɗan, ana kuma canza wuyan da ke riƙe da kan keke. Tsawon firam da tsayin gabansa kuwa an riga an gama da su tun ranar da aka yi walda. Shi ya sa aikin yake da jeri: a fara da firam, a bi da sirdi, sannan a zo kan kai. Wanda ya birkita wannan jeri yakan gyara wuri ɗaya ya ɓata biyu.

Awon jiki da lambar firam

Tsayin mutum daga ƙasa zuwa tsakar ka ba ya wadatarwa, domin mutum biyu na iya zama kai ɗaya, amma ɗaya doguwar ƙafa gare shi, ɗayan kuma doguwar gangar jiki. Awon da aka fi dogara da shi shi ne tsawon ƙafa ta ciki, wato daga ƙasa zuwa matsematsi. Ka cire takalmi, ka sa wando marar kauri, ka jingina bayanka da bango, ka ware ƙafafu kamar faɗin tafin hannu biyu. Ka ɗauki littafi mai bango mai ƙarfi ka sa shi tsakanin cinyoyinka, gefensa ɗaya yana manne da bango, ka ja shi sama har ka ji ya danna ƙashi kamar yadda sirdi zai danna idan ka zauna. A nan ne mafi yawan mutane ke yin kuskure, domin sukan ji nauyin matsawa sosai, sai awon ya gaza da santimita biyu ko uku. Wani ya sa alama a bango daidai saman littafin, a auna daga ƙasa da tef ɗin tela, a maimaita sau uku a ɗauki matsakaici.

A ce an samu santimita 82. Tsohuwar ƙa'idar masu ƙera keke ita ce a ninka wannan adadi da 0.65 idan ana auna bututun da sandar sirdi ke shiga daga cibiyar feda, wato wurin da ƙarafan feda biyu suka haɗu a ƙasan firam, zuwa tsakiyar sandar sama, ko kuma da 0.67 idan ana aunawa har bakin bututun. Mai ƙafa 82 zai samu 53 da ɗan ɗoriya a lissafin farko, da kusan 55 a na biyu, ke nan zai fara dubawa tsakanin firam mai lamba 53 da mai lamba 55.

Sai dai wannan lamba mafari ce kawai. An ƙirƙiri ƙa'idar ne a zamanin da sandar sama take a kwance daidai, alhali yawancin kekunan yanzu sandarsu gangarowa take yi zuwa wajen sirdi, bututun sirdin ya gajarce, lambar da aka liƙa a jiki kuma ta zama suna kawai. Lamba 54 ta wannan kamfani tana iya zama daidai da 56 ta wancan. Mu kuma da muka tashi da manyan kekunan nan irin su Raleigh da Phoenix da Hero, waɗanda firam ɗinsu yawanci inci 22 ne ko 24, wato kusan santimita 56 da 61, idonmu ya saba da ganin mutum a kan keken da ya fi ƙarfinsa, har yara suna zura ƙafa ta cikin firam suna tuƙawa a karkace. Wannan sabo ne ke sa mutum ya ga keken da ya yi masa daidai ya raina shi, ya ce na yara ne.

Gwaji na biyu shi ne ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, tafin sawu biyu a ƙasa, da takalmin da za ka yi tafiya da shi. Ya kamata a samu tazarar aƙalla santimita biyu da rabi zuwa biyar tsakaninka da sandar sama. Ga mai doguwar tafiya wannan tazara ta fi muhimmanci fiye da ga ɗan tsere, domin keken da ke ɗauke da kilo 20 ko 30 na kaya ba ya tsayuwa da ladabi, kuma sau da yawa za ka diro daga sirdi ba shiri, a cikin rairayi ko a gefen kwalta inda ƙasa ta zaizaye, ƙafa ɗaya a tudu ɗaya a kwari.

Awon da ya fi kowanne tasiri, wanda kuma shi ne ya kayar da ni, shi ne na tsawo. Kamfanonin yanzu suna ba da lambobi biyu a jadawalinsu, waɗanda suke kira sitak da ric. Na farko shi ne tsayin gaban firam, wato idan ka tashi daga cibiyar feda ka miƙe sama tsaye har ka yi daidai da saman bututun gaba, gajeren bututun nan da ke ƙarƙashin kan keke. Na biyu shi ne nisan miƙa, wato daga wannan layi na tsaye zuwa saman bututun gaban, a kwance. Amfanin waɗannan lambobi shi ne ba ruwansu da gangarowar sanda ko sunan da kamfani ya raɗa wa firam, don haka da su ake iya kwatanta keke biyu na kamfanoni daban-daban. Keken doguwar tafiya yana son gaba mai tsayi da miƙa marar nisa, akasin keken tsere. Idan keken na hannu ne babu jadawali, bango ma ya isa: ka jingina tayar baya da bango keken yana tsaye a miƙe, ka auna daga bango zuwa cibiyar feda da kuma daga bango zuwa saman bututun gaba, ka debe na farko daga na biyu, ka samu nisan miƙa. Haka za ka yi daga ƙasa ka samu tsayin gaba.

Idan ka faɗa tsakanin lamba biyu, babu amsa ɗaya da ta dace da kowa. Babban firam yana ɗaga maka kan keke sama, abin da matafiyi ke so, amma yana ƙara nisa. Ƙaramin yana kawo kai kusa, amma yana sauke shi ƙasa. A ganina, mai doguwar ƙafa da gajeriyar gangar jiki ya ɗauki ƙaramin ya nemi hanyar ɗaga kai, mai doguwar gangar jiki kuma ya ɗauki babban muddin yana iya tsayuwa a kansa. A keken hannu, ka duba ko akwai sauran wurin ɗagawa. Tsohon samfuri mai wuyan da ke shiga cikin bututu ana kwance noti ɗaya a ja shi sama har zuwa alamar iyaka, amma a sabon samfuri wuyan yana kama sandar fok ne ta waje, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, kuma idan mai shi na farko ya yanke sandar ta yi gajarta, ba ta sake tsirowa.

Akwai kuma abin da ya bambanta firam ɗin tafiya da sauran, wanda ya shafi jiki kai tsaye. Jakunkunan gefe suna rataye ne a kariya kamar mangala a bayan jaki, kuma idan ƙarafan da suka tashi daga cibiyar feda zuwa tsakiyar tayar baya gajeru ne, diddigenka zai riƙa dukan jaka a kowane juyi. A keken tsere tsawonsu bai cika wuce santimita 41 ba, a keken tafiya kuwa yakan kai 44 zuwa 46. Trek 520, wanda aka fara fitarwa a 1983, da Surly Long Haul Trucker, duka na Amurka, suna cikin wannan aji. Mai babbar ƙafa ya kula da wannan sosai, domin idan ya ce zai magance matsalar ta hanyar tura jakunkuna can baya, nauyi zai wuce tsakiyar taya, gaban keken ya yi sakayau, ya fara rawa a gangara.

Gajeren mutum kuma tasa matsalar a gaba take. Idan aka ƙanƙance firam aka bar masa babbar taya, yatsun ƙafa sukan taɓa tayar gaba yayin da aka karya kai sosai a tafiyar sannu, musamman in akwai madigadi. Wannan ne ya sa Surly ta yi ƙananan lambobin wancan keke nata da taya mai inci 26. A gefe guda, a yi hattara da lambar 28 a jikin taya: abin da Jamusawa ke kira inci 28 faɗin da'irar rim ɗinsa milimita 622 ne, na manyan kekunanmu na gargajiya kuwa 635 ne, kuma tayar ɗaya ba ta shiga rim ɗin ɗayan.

Sirdi

Mafi yawan masu keke a garuruwanmu sirdinsu ya yi ƙasa, kuma dalilin a fili yake: suna so su kafa ƙafa biyu a ƙasa ba tare da sun sauka ba. A cunkoson kasuwa wannan dabara ce mai ma'ana, amma a doguwar hanya gwiwa ce ke biyan kuɗin. Idan sirdi ya kai tsayinsa na gaskiya, kan yatsu kawai zai taɓa ƙasa kana zaune, kuma idan za ka tsaya sai ka zamo gaba ka sauka.

Lissafin da ya fi shahara shi ne wanda ake jingina wa Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar tseren keke ta Tour de France a 1986 da 1989 da 1990: a ninka tsawon ƙafa da 0.883, abin da aka samu shi ne nisa daga tsakiyar cibiyar feda zuwa saman sirdi, ana bin layin bututun. Ga mai ƙafa 82, santimita 72.4 ke nan. Wani tsohon lissafin yana ninkawa da 1.09 a auna daga feda tana can ƙasa, wanda zai ba da 89.4, kuma idan aka debe tsawon ƙarfen feda na santimita 17, an dawo kan 72.4 ɗin dai. Amma lissafi bai san kaurin takalminka ba, bai kuma san ko jijiyoyin bayan cinyarka a sake suke ko a ɗaure ba, don haka sai a tabbatar da jiki. Ka jingina da bango ko wani ya riƙe maka keken, ka ɗora diddige a kan feda, ka juya fedar da baya a hankali. Idan feda ta kai ƙasa, ƙafar ta miƙe sarai ba tare da ƙugunka ya karkata yana nemanta ba. Da ka mayar da tudun da ke bayan babban yatsa kan feda, yadda ake tuƙi, gwiwa za ta samu ɗan lanƙwasa, wanda masu daidaita keke ke son ya kasance tsakanin digiri 25 da 35. Hanya mafi sauƙi ta ganin wannan ita ce wani ya ɗauke ka bidiyo da waya daga gefe, sannan daga baya, domin ƙugun da ke rangaji hagu da dama ba ya ɓuya a hoto ko da mai shi bai ji ba.

A jikin sandar sirdi akwai layin da aka zana na iyaka, wanda dole ya kasance a cikin firam. Idan sai ka fito da wannan layi waje kafin ka samu tsayinka, ko dai ka nemi sanda mai tsawo, ko kuma ka yarda firam ɗin ya yi maka kaɗan. Barinsa a waje yana iya tsaga bakin bututun, kuma ba a gari yake tsagewa ba.

Bayan tsayi sai gaba da baya. Ka zauna yadda ka saba, ka kawo feda ɗaya gaba har ƙarfenta ya kwanta daidai da ƙasa, ka ɗaura noti a bakin zare ka sake shi daga ƙashin da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Zaren ya sauka a kan tsakiyar feda ko ɗan bayanta kaɗan. Wannan ba doka ba ce, wurin farawa ne, kuma gwajin da na fi amincewa da shi shi ne na daidaito: kana tuƙi a fili da ɗan ƙarfi, ka sassauta riƙo har tafin hannu ya kusa barin kai. Idan ka iya riƙe gangar jikinka na ɗan lokaci ba tare da ka kife gaba ba, sirdin yana wurinsa. Idan kuwa nan take ka ji za ka faɗa kan kai, to ya yi gaba da yawa, nauyinka yana zuba a hannu. Abin da za a kiyaye ƙwarai shi ne kada a tura sirdi gaba don kai ya yi nisa. Wurin sirdi na ƙafa ne, nisan kai kuma a wuya ake gyara shi. Ni wannan kuskuren na ƙara a kan na farko a ƙarƙashin wata bishiya a bakin hanya, ina ganin dabara na yi, sai nauyin da ke kan hannuna ya ƙaru.

Sirdi ya kwanta daidai, a gwada da lebur ɗin magini ko na cikin waya. Idan hancinsa ya sunkuya, za ka riƙa zamewa gaba kana tokarewa da hannu, idan kuma ya ɗaga, zai danne jijiyoyi da hanyoyin jini na gaba, wurin ya sage. Wannan sagewa ba abin da ake jurewa ba ne, ga namiji ko mace, alama ce ta a tsaya a gyara. Game da faɗi, mutum a kan ƙasusuwa biyu na mazaunai yake zama, kuma su ya kamata sirdi ya ɗauka. Ka ɗora kwali mai kauri a kan benci, ka zauna a kai ka ɗan sunkuya gaba na minti ɗaya, ka tashi ka auna tsakanin tsakiyar ramuka biyun da suka fito. Yawanci ana samun santimita 10 zuwa 14, mata sukan fi faɗi a matsakaici, sai a ƙara kamar santimita biyu a nemi sirdi mai wannan faɗi. Sirdi mai laushi kamar katifa yana da daɗi a rabin awa na farko, amma daga baya ƙasusuwan sukan nutse, soson ya taso ya danne inda bai kamata ba. Shi ya sa matafiya da yawa suka fi son sirdin fata mai tauri irin Brooks B17 na Ingila, wanda a hankali yake ɗaukar siffar mai shi, ko da yake yana son a kare shi daga ruwan sama, kuma ba kowa yake yi wa daɗi ba.

Kai da hannuwa

Ga keken tafiya, wurin farawa shi ne wurin riƙo ya yi daidai da tsayin sirdi, ko ya ɗara shi ko ya gaza da santimita biyu zuwa uku. Wannan yakan sa gadon baya ya karkata kamar digiri 45, nauyi ya rabu tsakanin mazaunai da ƙafafu da hannuwa. Wani zai ce me zai hana a zauna a miƙe kyam kamar a kan babban keken gargajiya, tunda ya fi sauƙi. Abu biyu ne ke hanawa. Na farko, nauyin jiki duka yana komawa kan sirdi, kuma duk ramin da taya ta faɗa, bugun yana hawa ƙashin baya kai tsaye. Na biyu iska ce. Duk wanda ya taɓa nufar Daura ko Damagaram daga Kano a cikin hunturu, iskar arewa maso gabas tana dukan ƙirjinsa tun safe, ya san cewa zaman miƙe yana mayar da mutum kamar tabarmar da aka shanya. Sunkuyon ɗan tsere kuma yana tilasta wa wuya ɗagowa domin ganin hanya, kuma wanda ya fito ganin ƙasa bai kamata ya wuni yana kallon tayar gabansa ba.

Nisa ya yi daidai idan ka kama wurin birki gwiwar hannunka tana da ɗan lanƙwasa, kafaɗunka suna sake ba su hau kusa da kunne ba, tsintsiyar hannu kuma tana miƙe ba ta karye ba. Idan ka lura kullum hannunka yana ja da baya daga wurin birki yana neman wuri mafi kusa, kai ya yi nisa. Wuyan kai ana samunsa daga kimanin santimita 6 zuwa 13, kuma canjin santimita ɗaya ma jiki yana jinsa. Idan sai da mafi gajarta ko mafi tsawo za ka samu sauƙi, firam ɗin ne ba naka ba.

Game da siffar kai, abin nema shi ne yawan wuraren riƙo, domin jijiyar da ke kai ji ga ƙaramin yatsa tana bi ta gefen tafin hannu ne, kuma dannawa a wuri ɗaya na awoyi ita ke sagar da ita. Kai mai lanƙwasa kamar ƙahon rago yana ba da wuri uku ko huɗu, ciki har da na ƙasa don ranar iska, kuma faɗinsa ya yi kusa da faɗin kafaɗa, wato tsakanin santimita 38 da 46 ga yawancin mutane. Miƙaƙƙen kai ya fi sauƙin sarrafa kaya a hanyar burji, amma wuri ɗaya gare shi sai an ƙara masa ƙananan ƙahoni a gefe. Matafiyan Jamus da Holan kuma suna yawan amfani da wani mai zagaye biyu kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Kowanne aka zaɓa, a tabbata yatsu suna kai wa birki ba tare da an saki riƙo ba, domin tsayar da keke mai kaya a gangara yana son hannu cikakke.

Duk wannan awo ba ya tabbata sai a kan hanya, kuma da kaya. Ka ɗora jakunkunan da nauyin da za ka tafi da shi, hagu da dama su yi daidai, ka yi awa uku ko huɗu, sannan ka sake fita washegari, domin jikin da ya kwana da gajiya ya fi faɗin gaskiya. Ka tafi da alanki da sifana a aljihu, ka saurari inda ciwo ya fito. Ciwo a gaban gwiwa yawanci yana nuna sirdi ya yi ƙasa ko ya yi gaba, ciwo a bayanta kuma yana nuna ya yi sama. Ciwon ƙeya da tsakanin kafaɗu na nuna kai ya yi nisa ko ya yi ƙasa. Sagewar yatsu na nuna nauyi ya yi yawa a hannu, sai a fara duba hancin sirdi kafin a zargi kai. Zafin tafin ƙafa kuma sau da yawa daga takalmi mai laushin ƙasa yake, irin silifa, wanda ke naɗewa a kan feda. Ka canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, da milimita uku zuwa biyar, ka ba shi tafiya ɗaya ko biyu kafin ka yanke hukunci, kuma idan ka ɗaga sirdi sosai ka tuna cewa ya ɗan ja baya, tunda bututun a karkace yake. Ciwon da ya ƙi tafiya bayan gyara, ko sagewar da ta wuce kwanaki, na likita ne. Kada kuma a yi babban canji ana gobe tashi. A gama gyare-gyare da sauran mako biyu ko uku.

Idan komai ya zauna, ka rubuta lambobi huɗu a takarda ka kuma ajiye su a waya: daga cibiyar feda zuwa saman sirdi, daga hancin sirdi zuwa tsakiyar kai, bambancin tsayi tsakanin sirdi da kai, da nisan da hancin sirdi ya ja baya daga layin cibiyar feda. Ka naɗa salatif a sandar sirdi daidai bakin bututu, ka sa ɗigon fenti a ƙarafan ƙarƙashin sirdi da kuma inda kai ya haɗu da wuya. Wata rana za a ɗora keken a saman mota, yaran tasha su sauke sirdi su juya kai don ya shiga tsakanin buhuna, ko mai gyara ya kwance shi yana neman inda ƙara ke fitowa, kuma da waɗannan alamomi cikin minti biyar za ka mayar da kowane abu inda yake.